Sunan ƙungiyarmu: a sa mata Ansaru ko a nemi wani?

Nura Sakatare:
Assalamu alaikum jama'a. Kamar yadda aka tsayar ranar da muka gama ɗaurin jinga, za mu yi wa ƙungiya rajista a ƙaramar hukuma kafin damina ta kankama, don in ana rabon buhuna da kayan cire kacala a san da zamanmu. Takarda kuwa ba ta cikuwa sai da suna. Matasa sun kawo Ansarul Khairi, a gajarce Ansaru. Kawu Sale ya kira ni da daddare ya ce kada in kuskura in rubuta. Shi ne na ce a kawo maganar nan kowa ya tofa albarkacin bakinsa.

Kawu Sale Direba:
Wa'alaikumus salam. E, ni na hana, kuma ban janye ba. Ku da kuke zaune a gida ba ku san hanya ba. Ni kullum ina tsakanin Haɗeja, Nguru da Gashuwa, wani lokaci har Damaturu. A shingen bincike in aka ce fito da abin da ke aljihunka, aka ga kati da hotonka an rubuta ANSARU da manyan baƙaƙe, wa zai tsaya sauraron tafsiri? Sai ka kwana a bayan kanta sannan a nemo mai jin Larabci. Sunan nan 'yan bindiga sun ɗauke shi tun 2012 da suka ɓalle daga Boko Haram, kowa ya sha jin labarinsu a dazukan Birnin Gwari. Mu masu cika buhu da ƙasa me ya kai mu?

Sani Mai Caji:
To Kawu a sa Ƙungiyar Masu Buhu mana, ba sojan da zai tsare mu.

Malam Yahuza:
Sani, ana maganar manya. Alhaji Sale, tsoronka yana kan hanya, amma bari a fara sanin abin da ake gudu. Kalmar Larabci ce, tushenta harafi uku, nun da sad da ra, ma'anarsa taimako, irin wanda ake kai wa wanda aka fi ƙarfi har ya samu kansa. Daga wannan tushe muka samo "nasara" da muke faɗa kullum, daga nan Nasiru ya fito, da Mansur, har da Nasarawa. Duk gidan da ke da Nasiru a garin nan ɗan'uwan kalmar yana kwana a cikinsa.

Waɗanda aka sani da ita tun farko mutanen Madina ne, Ausu da Khazraju, da suka karɓi Manzon Allah (SAW) da sahabban da suka yi hijira daga Makka a shekarar 622. Alƙur'ani da kansa ya kira su da sunan, a Suratut Tauba an jera Muhajirai da Ansar. Me suka yi? Masauki suka bayar. Mutane sun zo musu babu gida, babu gona, babu jari. Sa'adu ɗan Rabi'u ya ce wa Abdurrahman ɗan Aufu ga dukiyata mu raba biyu, Abdurrahman ya sa masa albarka ya ce nuna mini hanyar kasuwa kawai. A Suratul Hashri aka yabe su da cewa suna fifita wasu a kan kansu ko da su ma suna cikin buƙata. To ku gaya mini, shekarar da ruwa ya ci unguwar gabas, waɗanda suka buɗe zaurukansu, suka fasa rumbu ana dafa wa mutane, matansu suna raba zani, aikin wa suka kwaikwaya in ba wannan ba? Yaran nan ba su zaɓi sunan banza ba.

Kawu Sale Direba:
Allah gafarta Malam, ni ban musa ko harafi ɗaya ba. Sojan da ke kan hanya ne bai taɓa zama a gabanka ba.

Malam Garba Ticha:
Malam Yahuza, a yi mini afuwa, amma kada mu wanke kalmar har mu cire mata takobi, don da shi ta zo. A mubaya'ar Aƙaba ta biyu, maza 73 da mata 2, alkawarin da mutanen Madina suka ɗauka shi ne za su kare Annabi kamar yadda suke kare iyalansu. A Badar kuwa, cikin mutum 300 da 'yan kai, mafi yawa Ansar ne. Mai masauki ne, amma irin mai masaukin da in an zo kama baƙonsa sai an bi ta kansa. Shi ya sa duk wanda ya ɗaga tuta a ƙasashen Musulmi, na gaskiya da na ƙarya, yake son ya ari sunan ya yafa wa mutanensa. Auwalu yana nan? Shi ya zauna inda aka fi amfani da ita.

Auwalu Ɗan Sudan:
Ina nan Malam. Lokacin da nake karatu a Khartum mukan tsallaka Omdurman mu ga ƙubbar Mahadi, da gidan magajinsa Halifa Abdullahi da aka mayar gidan tarihi. A ciki akwai jibbunan mayaƙansu, farare ne an bi su da faci mai launi gaba da baya. Asali facin na talauci ne da zuhudu, daga baya ya zama kamar kakin soja.

Muhammad Ahmad ya yi da'awar Mahadi a 1881 a tsibirin Aba. Mutane suna kiran mabiyansa darwishai, shi kuma ya hana, ya ce Ansar za a ce. Da gangan ya yi, komai nasa a kan sira ya ɗora shi, har ƙaurarsa zuwa dutsen Ƙadir hijira ya kira ta. Su ne suka ci Khartum a Janairun 1885, Janar Gordon ya mutu a nan. Mahadin bai daɗe ba ya rasu a wannan shekara, Halifa ya riƙe ƙasar har 1898, da Kitchener, janar ɗin Turawan Ingila, ya zo da bindigogi masu ruwa aka haɗu a Karari. Cikin safiya guda aka kashe Ansar wajen 10,000, ɓangaren Kitchener ba su rasa mutum 50 ba. Suna ganin abin da ke faruwa da sahun gaba, na baya suna ƙara matsowa.

Amma abin da nake so Kawu ya ji shi ne, a can in aka ce wane Ansari ne ba wanda zai kawo ɗan ta'adda a ransa. Sai dai a ce ɗan gidan Mahadi ne, ƙuri'arsa ta jam'iyyar Umma ce, ta su Sadiƙul Mahadi da ya yi firaminista sau biyu. Mai shagon da nake sayen burodi Ansari ne, tsoho mai carbi, ko kaza ba na jin zai iya yankawa.

Kawu Sale Direba:
Auwalu, can ka ce. Ni a nan nake tuƙi.

Malam Garba Ticha:
Ai ba can kaɗai ta tsaya ba, Alhaji. Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Bello, ya yi wa Mahadi mubaya'a ta wasiƙa daga Balda a ƙasar Adamawa, ya haɗa kai da Rabe, aka kashe shi a 1898. Burmi, inda Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Yulin 1903, garin mabiya Malam Jibrilla Gaini ne, masu aƙidar Mahadi. Ɗan Attahiru, Mai Wurno, ya wuce da sauran jama'a har bakin kogin Nilu, garin da suka kafa yana nan da sunansa kusa da Sinnar. A Fabrairun 1906 talakawan Satiru, da gatura da fartanyu, suka karya rundunar Turawa suka kashe Razdan, a watan Maris aka dawo aka shafe garin. Tun daga nan kalmar Mahadi da Ansar ta zama abin da Bature ba ya son ji. A 1923 suka kama Shehu Sa'idu ɗan Hayatu a Dumbulwa ta ƙasar Fika, ba tare da ya harba ko kibiya ba, suka kai shi Buwea ta Kamaru, daga baya aka dawo da shi Kano. Wato tsoron da Alhaji Sale yake ji ya girmi 2012 nesa ba kusa ba, hukuma ta daɗe tana zabura in ta ji sunan nan.

Kawu Sale Direba:
Yauwa. Ashe ma Ticha yana bayana.

Malam Garba Ticha:
Ban ce ba tukuna.

Baba Ɗanladi (jikansa ke rubuta masa):
Baba ya ce a gaishe da kowa. Ya ce kun tafi Sudan kun tafi Sakkwato kun tsallake ƙofar gida. Watan da ya biyo bayan rushe Satiru, a Afrilun 1906, Turawa suka zo Haɗeja, Sarki Muhammadu ya ƙi miƙa wuya, aka kashe shi da manyan fadawansa a cikin gari. Ya ce kakarsa tana yarinya lokacin, har ta mutu in ta ji an harba bindigar salla sai ta toshe kunne. Ya ce waɗannan mutane ba wanda ya ce musu Ansaru. Mai Shahada aka ce wa Sarki, har yau haka ake kiransa.

Ya ce kuma shi ya ga 'yan a-mutu da idonsa. Mahaifinsa ɗan NEPU ne. Wata rana yana yaro aka zo har gona aka ɗaure uban da igiyar shanu a ƙugu, wani ɗan doka a kan doki yana gaba, uban yana bin sa a ƙasa har garin hakimi, laifinsa an ga tauraro maƙale a hularsa. Aka yi masa bulala, aka ce ya cire a sake shi, ya ce sai dai a cire da kan. Da ya dawo bayansa duk ya fashe, kakar tana shafa masa man shanu tana zaginsa, shi kuwa yana tambaya wa ya ɗauko masa hular. Ya ce su 'yan Sawaba suke kiran kansu, fada kuwa tana ce musu marasa kunya, masu raina sarauta.

Ya ce da PRP ta rabu a 1980 shi ɗan taɓo ne, bai bar Malam Aminu ba. Su Rimi da Balarabe Musa aka ce musu 'yan santsi. Ya ce ku dubi yadda Bahaushe yake raɗa suna da abin da ƙafarsa ta sani a damina: wannan ya kafe, wancan ya zame. Ba a je Larabci ba, kuma kowace tsohuwa ta gane.

Sani Mai Caji:
Baba ran ka ya daɗe, mu ma 'yan a-mutu ne fa. Zaɓen da ya wuce har muryata ta dushe, aka ci, ko katin waya ban gani ba. Malam, ba haka aka yi wa Ansar a Hunaini ba? An raba ganima an ba sababbin shiga, su ba su samu komai ba.

Malam Yahuza:
Subhanallah. Sani ka kiyayi harshenka. Su da aka ce musu mutane za su koma da tumaki da raƙuma, ku kuma ku koma da Manzon Allah, kuka suka yi har gemunansu suka jiƙe, suka ce mun yarda. Kai wa za ka koma gida da shi, kansila?

Baba Ɗanladi (jikansa ke rubuta masa):
Baba ya ce a gaya wa Sani wanda yake jiran katin waya ba ɗan a-mutu ba ne, ɗan a-biya ne.

Bashir Legas:
Haha, Baba ya gama da kai Sani. Ni dai ina bayan sunan. Nan Legas ba unguwar da za ka shiga ba ka ga allon Ansar-ud-Deen ba, makarantu da masallatai. Yarbawa Musulmi suka kafa ta tun 1923 don 'ya'yansu su yi boko ba tare da an canja musu addini a makarantun mishan ba. 'Yata ta biyu a irin makarantar take. To a 2012 wasu 'yan bindiga a Mali suka fito da sunan Ansar Dine, su ne suka rusa ƙubbobin waliyyai a Tumbuktu. Kalmomin ɗaya ne, rubutun ne ya bambanta. Ba wanda ya sauke allo a Legas saboda haka. Ga 'yan Huthi na Yaman su ma Ansarullah suke kiran kansu. In duk sunan da ɗan bindiga ya taɓa za mu bar masa, gobe sai mu bar Sunna, mu bar Jama'a, don duk suna cikin sunan da Boko Haram ta sa wa kanta.

Kawu Sale Direba:
Bashir, su suna da shekara 100 da takardu da lauyoyi da manya a Abuja. Mu muna da Nura da biro. In an kama ni kai za ka taso daga Legas ka yi belina?

Malam Garba Ticha:
Akwai misali a gida da ya shafi maganar Bashir. 'Yan banga. Asalinta kalmar Turanci ce ta 'yan sahun gaba, da ita ake kiran matasan jam'iyya masu tsaron taro a zamanin siyasar farko. Ta lalace har ta zama zagi, ɗan banga shi ne mai gora da wuƙa da ake haya a tarwatsa taron abokan hamayya. Yau kuma fa? 'Yan banga ne suke kwana a bakin gari suna gadin shanunmu, muna haɗa musu kuɗin batir. Masu riƙe da sunan ne suka canja, sunan ya bi su.

Sannan wanda ake kira ɗan tawaye da wanda ake kira gwarzo, sau da yawa ya danganta da garin da kake zaune. Sarkin Haɗeja Buhari ya yi shekaru yana bijire wa Sakkwato har ya rasu a 1863. Je ka tambayi yadda ake ba da labarinsa a can, ka dawo ka ji yadda makaɗa suke wasa shi a nan. A basasar Kano ta 1893 haka aka yi Tukurawa da Yusufawa, kowane ɓangare yana ganin ɗayan ne ya fita daga biyayya. Yusufawan da suka fice zuwa Takai a matsayin 'yan tawaye su ne suka dawo suka hau gadon.

Kawu Sale Direba:
Shekara nawa bangar ta ɗauka kafin ta wanku, Ticha? Ni ba ni da su.

Anti Hauwa Ungozoma:
Salamu alaikum. Tun ɗazu ina karantawa, maza sai yawo kuke da mu ƙasa ƙasa. Na farko, Malam Garba ya ce mata 2 ya wuce kamar ba komai. Ɗayarsu Nusaiba ce 'yar Ka'abu, wadda ta tsaya da takobi a Uhudu lokacin da maza da yawa suka watse. A rubuta wannan.

Na biyu, na gwada sunan a kan Gwaggo yanzun nan tana tankaɗe. Na ce Gwaggo za a sa wa ƙungiya Ansaru. Ta ajiye rariya ta ce, "Annasara? Yaran nan Turawa za su koma?" Wallahi haka ta ce. To sunan da rabin matan garin za su ji shi a juye, su da suke dafa abincin ranar gayya, ina amfaninsa? Me ya samu Gayya, ko Zumunta, ko Taimakon Juna?

Sani Mai Caji:
Gwaggo ta kashe zancen.

Malam Yahuza:
Ba ta yi nisa da gaskiya ba fa, Hauwa. Nasara da muke ce wa Turawa daga Larabci ne, sunan da Alƙur'ani yake kiran mabiya Annabi Isa (AS). Malaman tafsiri sun kawo bayani biyu. Wasu sun ce daga garin Nasira ne, inda ya tashi. Wasu sun ce daga maganar Hawariyawa ne, da ya tambaya su wa za su taimake shi zuwa ga Allah suka ce "nahnu ansarullah", mu ne mataimakan Allah, yana cikin Ali Imrana da Suratus Saffi. In aka bi na biyun, kunnen Gwaggo bai yi kuskure ba, kalmomin 'yan ɗaki ɗaya ne.

Malam Garba Ticha:
Wato a Karari da Burmi, Ansar a wannan gefe, Nasara a wancan, suna harbin juna. Wannan ban taɓa haɗa shi ba sai yau, Malam, zan kai wa 'yan aji.

Amma tunda Alhaji Sale yana ta neman inda na tsaya: ni a takarda ina bayan Bashir, sunan namu ne, bai kamata a bar wa ɓarayin daji ba. Sai dai wanda zai ƙwato suna shi ne mai ƙarfin da za a ji shi, irin su Ansar-ud-Deen. Ƙungiyar ƙauye mai mutum ƙalilan in ta ce za ta yi wannan yaƙin, direbanta ne zai biya kuɗin, ba ni da nake zaune a gida ba.

Bashir Legas:
To kun ga, haka ake rasa abubuwa ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya ce ba shi ba.

Auwalu Ɗan Sudan:
Yaya Bashir, a bar tushen a canja ginin mana. Annasru, ko Nusratul Khairi. Ma'ana ba ta tafi ba, kuma ba wanda zai zabura.

Malam Yahuza:
Nusra kuma akwai masu bindigar da suka yi amfani da ita a Siriya. Annasru ya fi.

Sani Mai Caji:
Annasru ai kulob ɗin Ronaldo ne a Saudiyya. Ni na yarda, a sa.

Anti Hauwa Ungozoma:
Gwaggo za ta sake cewa Annasara, ku dai ku ji. Ni Taimakon Juna na ce, kuma mata za su zo taron, kada a yi shi a cikin masallaci inda ba za mu iya magana ba.

Nura Sakatare:
To an samu uku: Ansarul Khairi, Annasru, Taimakon Juna. Juma'a bayan la'asar a ƙofar gidan mai unguwa, za a ɗaga hannu, mata da maza. Na Legas da na Kano su turo nasu nan kafin lokacin. A yi haƙuri a yanke a ranar, don mai buga riguna yana jiran sunan.

Baba Ɗanladi (jikansa ke rubuta masa):
Baba ya ce wace riga kuma? Ya ce wa ya yanke a buga riga alhali jingar yamma tana nan da ɓaraka, kuɗin ba buhu za a saya da su ba?

Nura Sakatare:
Baba, matasa ne suka haɗa nasu daban. An riga an ba shi kafin alƙalami.